Ƙusoshi a Bangon Ɗakin Baya

Asabar, 13 ga Janairu, 2024, Aboabo, Kumasi

Yau na buga ƙusoshi a bangon ɗakin baya, biyu-biyu, layi huɗu. Hajiya ta leƙo ta ga garin siminti a kan tabarma, ta ce, "Alhaji, wannan karon kuma me za a rataya mana?" Na ce bindigogi. Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta saki labule.

Ni ba maharbi ba ne, ko gafiya ban taɓa harbi ba. Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran keken ɗinki a Alabar, kuma abin da ya ɗaure ni ga keke shi ya ja ni ga tsofaffin bindigogi: ƙarfe na tura ƙarfe, kowanne a kan lokacinsa. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat. Da maƙeran Turai da Amurka suka gaji da bindigar da sai an sake ɗura ta bayan kowane harbi, ina suka ajiye sauran harsasan? Wani ya zuba su a gindi, cikin katakon da ake jinginawa a kafaɗa. Wani ya jera su a bututu ƙarƙashin hancin bindigar. Wani kuma ya yi masu ɗan akwati a gaban kunama. Ni rumbu nake ce wa wannan ma'ajiya, kuma burina in samu bindiga ɗaya daga kowane irin rumbu, wadda aka ƙera kafin 1900. Layi uku ke nan. Na huɗun na bindigar kakanmu ne, ita gado ce.

Na ɗaukar wa Hajiya alkawari biyu: harsashi ko ɗaya ba zai kwana a gidan nan ba, kuma duk wadda za ta hau bango sai ta yi rajista wurin 'yan sanda, in riƙa sabunta takardarta kowace shekara.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Yau shekara 150 cif da Wolseley, janar ɗin Ingila, ya shigo Kumasi da sojojinsa a yaƙin da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kira Sagrenti. Ni kuwa Asawase na nufa, na karɓo bindigar kaka daga hannun Kawu, bayan shekara biyu ina lallashi.

Tun muna yara "mai ci goma" ake ce mata. Kawu ya jawo ta daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon bargo, tana warin man kaɗanya. Na goga alli a gefen ƙarfen, na share da babban yatsa, rubutun ya fito fari tas: kambi, V.R., Enfield, 1878. Martini-Henry ce, ta sojojin Ingila. Na ja mariƙin da ke bayan kunama, toshin ya faɗa ƙasa da wata ƙara mai daɗi, rami ɗaya ya buɗe. Na juya ta, na ƙwanƙwasa gindin, na leƙa ƙarƙashi. Babu inda harsashi na biyu zai ɓuya. Mariƙin nan ne ke ruɗin mutane, don ya yi kama da na Winchester da ake gani a hannun kaboyi.

Na ce, "Kawu, wannan fa ɗaya take ci."

Ya ce, "Kai yaro, kana wurin ne?"

"Ba na wurin, Kawu. Amma ga ta a hannuna."

"Baba da bakinsa ya ce goma. Da ita ya zauna cikin kagara suna cin yunwa, har aka zo aka buɗe masu."

Wannan ɓangaren ya yi daidai da tarihi. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Tonawa sun yi wa kagarar Turawa ƙawanya, Gwamna Hodgson ya fice a watan Yuni ya bar sojojin Hausa a ciki, sai tsakiyar Yuli Kanar Willcocks ya iso da sojojin ceto. Ba labari ne da muke ɗaga murya a kansa ba a garin nan, tunda kakanninmu bayan Bature suka tsaya, mu kuma jikokinsu a ƙasar Asantehene, sarkin Tonawa, muke cin abinci. Batun goma kuwa, a cikin trotro, motar haya, na warware shi. Sojan da hannunsa ya faɗa yana iya harba goma da Martini cikin minti ɗaya. Ke nan kaka bai yi ƙarya ba, mu ne muka ji rabi. Ban koma na gaya wa Kawu ba tukuna.

Asabar, 2 ga Maris

Magana ta zaga Zango cewa mai gyaran keke na sayen tsofaffin bindigogi. Cikin wata ɗaya an kira ni gida bakwai. Shida bindigar toka na tarar, ta bakwai kuma ta farauta ce ta jiya-jiya.

Ba abin mamaki ba ne. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka haɗa baki suka hana shigo wa baƙar fata da bindigogin zamani, suka bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa kusan duk mai rumbun da za ka gani a ƙasar nan, ko dai ta biyo soja gida, ko ta shigo ta bayan fage. Na je gidan tarihin soja da ke cikin kagarar a Adum don in wanke ido. Akwai makaman da sojojin Gold Coast suka ƙwato a yaƙin duniya na biyu, na Italiya da na Japan. Na daɗe a tsaye har mai zagayawa da baƙi ya fara kallona.

Abu ɗaya da ya kamata in rubuta don kada in manta. A gida na huɗu, kafin in taɓa komai, na zura sandar ɗuri cikin hancin bindigar tokar, na sa farce inda ta tsaya, na fito da ita na gwada ta waje. Ta gaza da kusan yatsa uku. A ɗure take. Shekara nawa tana jingine bayan ƙofa yara na wasa kusa da ita, Allah kaɗai ya tsare. Na ce wa maigidan kada wanda ya sake taɓa ta, ya kira hukuma su ɗauke.

Asabar, 20 ga Afrilu

Azumi ya tsayar da komai, sai bayan Salla aka dawo. Kuma da dawowar sai ga rabo.

Wata tsohuwa a Yalwa, daga gidan fataken goro da suka baro Salaga bayan rikicin 1892, ta aiko jikanta wai in zo in kwashe wani ƙarfe kafin su rushe tsohon ɗaki. Na je ba da wani zumuɗi ba. Da yaron ya sauko da ita daga saman rufi, tun kafin ya miƙo na ga kaurin katakon da ke ƙarƙashin hancin, gabana ya faɗi. Bindigar toka ba ta da wannan ciki.

Alli ya sake yin aikinsa: Steyr, 1886, sai kambi da L.I a ƙarƙashinsa. Kropatschek ce, wadda masana'antar Steyr ta Ostiriya ta ƙera wa sojojin Fotugal zamanin Sarki Luís na ɗaya. Sunan na wani hafsan Ostiriya ne, Alfred von Kropatschek. Rumbunta bututu ne a ɓoye cikin katako, yana cin takwas, kan wannan a gindin wancan, da sifirin yana turo su baya. In ka ja sakata, wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali ya ɗago harsashi ɗaya, in ka tura sakatar ta kai shi mazauninsa. Akwai ɗan makunni a gefe da ke kulle rumbun, don hafsoshin lokacin suna tsoron soja ya ƙarar da harsashi a banza, sai su ce ya riƙa sa ɗaya-ɗaya, takwas ɗin na ranar wuya ne. Ina ganin duk mai riƙe da kuɗin cefane zai fahimci wannan hafsa.

Irin wannan rumbu ne sojojin ruwan Faransa suka ɗauka a 1878, har ya gangaro cikin Lebel ta 1886. Samori Ture, wanda ya yaƙi Faransawa, shi ma ya mallaki bindigogin Kropatschek, maƙeransa kuma sun kwaikwayi na Turawa da hannu. Kullum in na tuna wannan sai in dubi cokalin nan in yi shiru, don na san abin da ake sha kafin a gyara ƙarfe ƙarami irinsa da zarto.

Kuɗin da na ba da ba zan rubuta ba, Hajiya na iya buɗe littafin nan.

Asabar, 18 ga Mayu

Takarda ta fito, ta hau layi na biyu. Na cire allurar da ke dukan harsashi na kulle a shago.

Damina ta kankama, kuma damshin Kumasi ba ya raga wa ƙarfe. Ga yadda nake yi: kananzir da tsumma, in bar shi ya kwana, da safe in bi tsatsar da gefen tsohon kwabon jan ƙarfe, wanda ya fi tsatsa ƙarfi amma bai kai ƙarfen bindiga ba. Sai man keke kaɗan, sai kakin zuma a katako. Duhun da shekaru suka bari a jikinta ba datti ba ne, ba na taɓa shi.

Ran Laraba na ga wani gari-gari kamar na masara yana zubowa daga gindin, alamar ƙwaro ya shiga katako. Dole in cire farantin ƙarfen da ke rufe da gindin. Ƙusoshin sun ƙi, na yi kwana uku ina ɗiga masu mai kafin suka motsa. Da farantin ya ɗago, sai ga rami da wani ya fafe da wuƙa, ba aikin masana'anta ba, a ciki kuma takarda a nannaɗe, an ɗaure da zaren saƙa, kaurinta bai wuce ɗan yatsana ba. Ta yi ja kamar ganyen taba. Na ce laya ce, ban buɗe ba, na kai wa Malam bayan Magariba.

Malam ya warware ta a hankali a kan allo, ya kusanto da fitila, ya gyara tabarau. Ya karanta layin farko a zuci, sai na ga kafaɗunsa na rawa.

"Alhaji, wannan ba laya ba ce. Bashi ne."

Ajami ne, da tawadar gida. Sunaye biyar, kowanne da adadin ƙwaryar goron da ake bin sa, ƙwarya kuwa goro ɗari ce. Biyu an ja masu layi, sun biya. Uku suna nan. Mutumin ya duba duk kayansa bai ga inda ɓarawo ba zai taɓa ba sai gindin bindigarsa.

Na mayar wa tsohuwar takardarta, na ajiye hoto. Na karanta mata sunayen, ta gane ɗaya, ta ce gidansu na nan har gobe. Ta ce, "Ɗan nan, tunda kai ka tono, sai ka je ka karɓo mana."

Asabar, 29 ga Yuni

Na yi sati biyu ina kewaye wannan shafi.

Kafin Babbar Salla na samu ta layi na uku, daga gidan wani tsohon soja da ya je yaƙin Habasha a 1941 ya dawo da ita. Vetterli ce ta Italiya. Asalinta ɗaya take ci, samfurin 1870, sai a 1887 aka fasa cikinta aka liƙa mata akwatin harsashi huɗu na Vitali. Kana ganin akwatin ka san ɗinki ne aka yi daga baya, kamar aljihun da aka ƙara wa tsohuwar riga. Irinta Italiyawa suka riƙe a Adwa a 1896 ranar da Menelik, sarkin Habasha, ya karya su. Dalilin komawa akwati kuwa mai sauƙi ne: a bututu, kan harsashi na zaune a kan gindin na gabansa, daidai inda ake duka ya tashi, in kan ya yi tsini an shiga uku. A akwati kuwa kwance suke, wani kan wani.

Ƙusa ɗaya ta gagare ni. Na kwance abin da zai kwantu, na ɗauki hancin kawai na kai wani garejin da na sani a Suame Magazine. Sunan unguwar ma, Magazine, wato rumbu, daga rumbun makaman soja na zamanin Turawa ya samo asali, har na yi wa maigarejin wannan barkwanci. Na nuna masa ƙusar, na ce ita kaɗai, ya ce an gama. Aka kira Azahar na tafi masallaci.

Na dawo na tarar da yaron shagon yana murmushi, ya riƙe hancin yana walƙiya kamar sabon cokali. Ya ga tsatsa, ya ga giranda a kusa, ya ce bari ya kyauta wa Alhaji. Inda sunan masana'anta yake, haruffa uku suka rage: TOR. Italiya na da masana'antar bindiga a Torino, tana da wata a Torre Annunziata, duka sun ƙera Vetterli. Shekarar ma ta tafi. Ban goga alli ba kafin in fita da ita, ban ɗauki hoto ba, wai ina sauri.

Maigarejin ya ɗaga hannu zai mari yaron, na riƙe shi. Yaron ya yi abin da aka koya masa ne, a wurinsu ƙarfe mai kyau shi ne mai sheƙi. Ni da na san bambanci ni na tafi na bar ta. Na biya kuɗin ƙusar, na hau pragya, keke mai ƙafa uku, ban ce wa kowa uffan ba har gida.

Ta hau bango duk da haka. Na juya gefen da aka goge yana kallon siminti.

Lahadi, 11 ga Agusta

Saura layi na farko, mai rumbu a gindi, kuma a nan aka tsaya cak. Biyu nake mafarki. Spencer, mai cin bakwai a bututun da ke cikin gindi, wadda Shugaba Lincoln da kansa ya gwada harbawa a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka. Sai Evans, wadda ita ce ta fara sa ni wannan hauka.

Warren Evans likitan haƙori ne a jihar Maine. Bindigarsa ta farko tana cin 34, a shekarun 1870, lokacin da yawancin sojojin duniya ke sa ɗaya-ɗaya. Samfurin baya ya koma 28 saboda an ƙara wa harsashin tsawo. Kamfanin ya karye a 1879, shi ya sa ba su da yawa.

Ɗan ƙanwata da ke Bronx ya je wani baje-kolin tsofaffin makamai a wata jiha, ya kira ni ta bidiyo da tsakar dare. "Kawu, ga mutuniyarka." Mai ita ya yarda ya ja mariƙin a hankali kusa da waya. Na sa ya maimaita har sau huɗu. Ɗan nawa ya ce a dokar tarayyar Amurka duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, saye ba wuya. Na ce can ke nan. Shigo da ita nan sai da izinin ma'aikatar cikin gida, ga kuɗin da ya faɗa wanda ya fi jarin shagona. Na ce ya gode wa mutumin.

Amma na ga abin da nake son gani. Babu sifirin a rumbun Evans. Sanda ce a tsakiya mai kwari huɗu, harsasai na kwance cikin kwarin, a kewaye kuma akwai ƙarfe da aka murɗa kamar igiya. Duk jan mariƙi sandar ta juya kwata, murɗin ya tura kowane harsashi gaba taki ɗaya. Duk wanda ya taɓa leƙa maƙogwaron injin nika-nika ya ga yadda yake jan masara, ya ga Evans. Aibinta shi ne wajen ɗuri ma sai ka ja mariƙin bayan kowane harsashi. In yaƙi ya same ka rumbu a fanko, sai dai ka nemi tsari.

Tunda rumbun nake so ba harbi ba, na yanke shawarar in sassaƙa shi da katako, babba, a buɗe, yadda yaro zai juya da hannu ya gani.

Asabar, 21 ga Satumba

Na sayo katakon wawa a Sokoban, kafinta ya fere mini sanda mai kwari huɗu, ya yanka mini guntaye 34 masu tsawon ɗan yatsa a madadin harsasai. Murɗin na yi shi da wayar ƙarfe mai kauri, na naɗa a jikin taɓarya. Hajiya ba ta sani ba sai da ta zo daka.

Gwajin farko, guda shida suka wuce, na bakwai ya karkace ya cije. Tazarar murɗin ba ta yi daidai ba, wani wuri ta buɗe wani wuri ta matse. Na warware na sake naɗawa da ma'auni. Gwaji na biyu ya kai goma sha tara.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kawu ya zo duba bindigar babansa, karo na farko tun Fabrairu. Ya zauna a kujera, ya bi bangon da kallo daga ƙasa zuwa sama. Ya tambayi me ya sa ta Italiya ta juya mana baya, na ce kunya take ji. Sai na gaya masa lissafin da na yi a trotro, na goma cikin minti ɗaya. Ya ce, "To da me na ce maka?"

Na miƙa masa rumbun katakon. Ya juya, guntu ya faɗo a cinyarsa, ya sake juyawa, wani ya faɗo. Jikokina biyu suna ƙirgawa da ƙarfi. A na ashirin da shida ya cije. Kawu ya girgiza shi, ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya ce katakon ne ya sha damshi ya kumbura, in bari sai hunturu ya busar da shi kafin in sake taɓa wayar. Na gwada guntayen da ma'auni bayan ya tafi, huɗu sun ƙara kauri.

Na kwashe su na zuba a gwangwanin madara na ajiye a saman kabad. Na rubuta wa kaina a bangon littafin nan: sabunta takardu uku kafin ƙarshen Disamba, sayo kakin zuma a Kejetia, da kuma zuwa Tafo, inda aka ce wani gida na da bindiga mai ƙofa a gindi. Alli da waya suna cikin aljihun rigar da zan sa.